Duba Mana Gidanmu Daga Sama

Aikina a jami'a, can kan titin Oxford Road a Manchester, shi ne tantance hotunan da 'yan sama jannati ke ɗauka daga tashar da ke kewaya duniya. Rayuwarsu a ciki ba ta da wani armashi yadda ake zato. Su kwana cikin jakar da aka ɗaure a jikin bango, su motsa jiki don kada ƙashinsu ya yi rauni, su wuni suna gyaran na'urori. In ɗayansu ya sami sarari sai ya kamo kyamarar da ke shawagi kusa da taga ya ɗauki abin da ya burge shi. Ni kuma in zauna a ƙasa ina gano wane kogi ne wannan, wane gari ne wancan.

Na yi wa 'yan gidanmu wannan bayani har bakina ya gaji. A wurinsu dai ina da wani allo da nake leƙa tsakar gidan kowa da shi. Kawuna ya taɓa bugo mini waya takanas in duba masa ko shanu sun shiga gonarsa.

Daminar da kogi ya ɓalle a garinmu, ina hutun ƙarshen mako a gidan yayana a Aston. Likita ne, mutum mai sanyin rai. Muna karin kumallo saƙon murya ya shigo daga wani maƙwabcinmu, yana haki, yana cewa ruwa ya shigo unguwa. Muka kira Inna, mahaifiyarmu, wayar ba ta shiga. Muka kira duk wanda muke da lambarsa a garin, shiru. Gidanmu yana daga cikin na bakin kogi, ga Inna da ciwon gwiwa, ko zuwa maƙwabta sai da sanda.

Yaya ya ajiye wayarsa ya dube ni.

"Ɗauko laptop ɗin nan ki duba mana gidan."

Raina ya ɓaci nan take. "Haba Yaya, har da kai? Kai da ka yi karatu?"

"Ban tambaye ki karatuna ba. Ki duba kawai, please."

Sai na sassauta murya. Na ce masa tashar ba mota ba ce da za a juya ta, hanyarta kawai take bi. Sai ta ratsa saman yankinmu da rana, sai babu gajimare, sai kuma akwai wanda ke bakin taga a daidai lokacin. Ya ce to mene ne amfanin aikin nawa. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Na koma Manchester na roƙi malamin da ke duba aikina ya tura buƙata a ɗauki yankin, kamar yadda akan yi in bala'i ya auku. Ya tura. Daga nan sai jira. Hotuna suka fara zuwa, duk fari fat, gajimaren damina ya lulluɓe komai. Ina cikin wannan hali na ci karo da bidiyon ɗaya daga cikin 'yan sama jannatin yana wasa da ɗigon ruwa mai shawagi, yana bin sa da baki yana dariya. Na san bai yi mini laifin komai ba, amma wallahi a ranar na ji haushinsa.

Da hoto mai kyau ya zo, da lanƙwasar kogin na gane wurin. Garin kam ban gan shi ba. Ruwa ne kawai mai launin kunun kanwa, ya malale ko'ina, sai wani ɗan tudu da ya rage daga gabas, inda filin Idi yake. Na kasa tura wa Yaya ta waya. Na hau jirgin ƙasa na kai masa da kaina.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan ruwan.

"Nan ne gidan?"

Na ɗan matsar da yatsan nasa gefe. "Nan."

Ranar babu wanda ya ci abinci a gidan.

Washegari da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira shi. Wani mai kwalekwale ne da ke kwaso mutane daga filin Idi, ya ce ga wata tsohuwa tana son magana. Da na ji muryar Inna, sai kawai na zauna a ƙasa. Ta ce samarin unguwa ne suka goyo ta, gida ya tafi, amma alhamdu lillahi da rai. Yaya yana ta jero mata tambayoyi a kan magani da ruwan sha, ita kuwa ni take nema.

"'Yar nan, ai na faɗa wa mutane su kwantar da hankalinsu, kina ganinmu. Kullum rana ta fito sai in sa a shimfiɗa jan zanina a fili, a danne da duwatsu, don ki gane inda nake. Kin gani ko?"

Yaya ya zuba mini ido.

Na ce, "Na gani, Inna."

Ta ce ta sani, Allah ya yi mini albarka, kuma layin ya yanke.

Na jawo hoton na yi ta faɗaɗa tudun har ya tarwatse ya zama ƙananan murabba'ai masu launin ƙasa. Na san zani ba zai taɓa fitowa daga wannan nisa ba, aikina ne sanin haka. Duk da haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman ja, Yaya yana tsaye a bayana yana taya ni.