Balarabe Mai Wanki da Wayar Gidan Kwamfuta

A unguwar Doka, in ka ce Balarabe sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Lauya, kowa zai nuna maka gidan da ake shanya fararen kaya. Bai taɓa zama a aji ba, balle makarantar lauyoyi. Wanki da guga ne sana'arsa, gadon ubansa, kuma a nan ba a raina masa: farar shadda in ta bi ta hannunsa, mai ita har ƙyashin zama a benci yake yi. Lauyancin ya samo shi ne daga wani lauya da ya daɗe yana yi wa wanki. Tun da yake wanke masa riguna da 'yan ƙyallayen nan na wuya, sai ya ɗauka wani abu na doka ya shige shi ta tafin hannu. Ranar da babu aiki kotu yake tafiya ya zauna a bencin baya, ya dawo majalisa yana gyara wa alƙali hukunci. Matarsa Ladidi ta daɗe da daina musu da shi, don ko gishiri ta ce ya ƙare sai ya nemi shaida.

A farkon shekarun 1990 wani kamfani ya sayi filin da ke jikin katangarsa, ya gina abin da unguwa ta sa wa suna gidan kwamfuta. An ce na'urori ne a ciki masu riƙe wa manyan ofisoshi bayanansu. Ba sa son zafi, ba sa son ƙura, kuma in wuta ta ɗauke sai su manta abin da aka gaya musu. Wutar gari kuwa sai ta ga dama take zuwa, saboda haka aka girke janareta mai girman ɗaki. Da yake na'urorin 'yan gata ne, aka juya musu bututun hayaƙin baya, ya fuskanci igiyar shanyar Balarabe.

Sai ya shanya babbar riga fara fat da hantsi, kafin azahar ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. Masu kaya suka fara ƙorafi, wasu suka fara janyewa. Balarabe ya san mai wankin da ba ya fitar da fari ya tashi daga aiki. Maƙwabta ma ƙarar janaretan ta hana su sakat, suka haɗu za su kai kamfanin kotu a matsar da injin daga gidajen jama'a. Wa zai yi musu jagora in ba Lauya ba? Bai taɓa murna da masifa irin wannan ba. Har riga ɗaya ya ware da hayaƙinta, ya hana Ladidi taɓawa, wai shaida ce.

Ana saura 'yan kwanaki a shiga kotu, manajan kamfanin, Malam Lawal, ya yi sallama da la'asar. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Balarabe na hura gawayin dutsen guga, toka ta bule masa gemu.

"Ranka ya daɗe, Lauya," in ji Lawal, "mutum irinka da dutsen gawayi? Ga wuta muna zubarwa a bayan katanga."

Washegari waya ta haure katangar, da sabon dutsen guga na lantarki a kwali. Aka maƙala ƙwai a zaure, aka rataya fanka. Duk layin in aka ɗauke wuta, gidan Balarabe kaɗai ke haske.

"Malam, wutar nan fa ba ta hana hayaƙi," in ji Ladidi.

"Ke ba ki san doka ba. Wannan shi ake kira sulhu. Shanya kuwa a ɗaki zan riƙa yi, ƙarƙashin fanka."

Ranar shari'a alƙali ya nemi jin maƙwabcin da ya fi kusa da injin. Balarabe ya miƙe ya gyara hula, ba rigar shaida ba dalilinta.

"Allah ya gafarta malam, hayaƙin sama yake yi. Ƙarar injin kuwa, ni barci ma take sa ni."

Alƙali ya ce tunda mai katanga ɗaya da injin bai cutu ba, na nesa ba su da ta cewa. Ya kori ƙarar. Daga ranar maƙwabta suka ɗauke masa gaisuwa, suka ɗauke kayansu kuma.

Bai daɗe yana morewa ba sai ga ma'aikatan hukumar wuta da tsani a mota. Ba sai an tambayi wanda ya kai tsegumi ba, unguwar ce gaba ɗaya. Babbansu ya bi wayar da ido tun daga zaure har cikin kamfani, ya sa aka kira manaja. Ya ce izinin da aka ba kamfanin na samar wa kansa wuta ne a cikin katangarsa, raba wa wani gida kuwa sai hukuma. Don haka cikin biyu akwai ɗaya: ko kamfani na raba wuta ba izini, ko maƙwabci ya sata.

Lawal ya dubi wayar kamar yau ya fara ganin waya a duniya.

"Malam Balarabe, haka za ka yi mana? Muna zaman mutunci?"

Balarabe ya juya wajen maƙwabta da suka cika ƙofar gida, ya ce ai kowa ya ga ranar da yaran kamfani suka ja wayar da rana tsaka. Yalwa mai koko, wadda ƙarar injin ta hana jikokinta barci, ita ta amsa masa.

"Mu hayaƙi ya rufe mana ido, Lauya. Ba mu ga komai ba."

Aka datse wayar, aka tafi da Balarabe da dutsen gugar. A karo na farko ya samu wuri a gaba a kotu, cikin akwatin masu laifi. Kamfani ya nuna dattako ya ce ya yafe, alƙali ya yi masa dogon gargaɗi a kan illar jahilcin doka, ya sallame shi. Wannan gargaɗin ya fi komai ci masa rai.

Janareta na nan inda yake, yanzu har da hukuncin kotu a bayansa. Masu fararen kaya sun koma wajen wani mai wanki a Hayin Banki. Balarabe bai rasa aiki gaba ɗaya ba. Kanikawan da ke kula da injin suna jefo masa baƙaƙen kayan aikinsu ta saman katanga, ya wanke ya shanya a tsakar gida, hayaƙi ya sauka a kansu, ba mai lura.