Alvin da Koren Fentin Titin Harlan

Ku faɗa mini, ku masu karatu: wane abu ne yake da ƙafa biyu amma ba ya tafiya, an sa masa fararen kaya daga sama har ƙasa, an kuma ɗaure shi da sarƙa a bakin titi alhali bai yi wa kowa laifi ba? Ku riƙe amsarku tukuna, bari in yi kukana.

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Alvin Sorensen, ƙanin marigayi mijina, yana da shekara saba'in da uku. Babbar motar kaya ce ta take shi a kan kekensa, a mahaɗar titin Harlan.

Alvin, shekara hamsin muna tsokanar juna, yau ka bar ni ina magana ni kaɗai. Ba zan manta ranar da likita ya ce idona bai kai na tuƙi ba, aka karɓe mini lasin. A garin nan marar mota fursuna ne. Kanti yana can hayin titi mai layi shida, bas kuwa sai ta ga dama take zuwa. Wata biyu ina zaune ina kallon bango, sai ga ka da wani tsohon keke mai kwando a gaba.

"Ke Bernice, fito ki hau."

"Kai tsohon banza, so kake in karye ka gaje gidana?"

"Gidan da rufinsa ke yoyo? Hau dai, tsohuwa, na riƙe ki."

A filin ajiye motoci na coci ka koya mini, filin da ya ninka cocin sau uku. Kana bina da gudu kana haki, ina zaginka. Keken nan shi ya zama ƙafata shekara huɗu. Da shi nake zuwa kanti, da shi nake kai wa jikokina kek ɗin tuffa. Bayan ni ka koya wa tsofaffi shida, ladanka kofi ne kawai, shi ma kana kushe shi. Ka nuna mana lungunan da mota ba ta bi: bayan makaranta, gefen layin dogo, da kuma cikin maƙabarta, inda ka ce nan kaɗai ne a garin nan ba mai buge mai keke.

Sai masu tsara gari suka ce sun yi mana hanya. Me suka yi? Fenti. Koren fenti suka shafa a gefen titi, ba shinge, ba dakali, suka kira 'yan jarida aka ɗauki hoto. Daf da mahaɗar, inda motoci ke karya kwana kamar mahaukata, sai fentin ya tsaya, aka kafa allo wai hanyar keke ta ƙare. Ta ƙare, mu kuma fa? Mu yi fiffike mu tashi?

Sau biyar kana zuwa zaman majalisar gari, inda ake ba kowa minti uku, agogo na yin ƙara a katse shi. Na raka ka sau ɗaya. Wani jami'i mai laushin murya ya ce maka, "Baba, mun duba, masu keke ba su da yawa a wurin."

Ka ce, "Ɗana, ai suna son ransu ne. Ga nawa a waje, hau ka bi wurin sau ɗaya, zan jira ka."

Ya yi murmushi, ya ce yana da wani taron, ya shiga motarsa.

Maganin matarka Colleen ka fita saye ran nan. Motar masu rarraba saƙo ta yi fakin a kan koren fentin, ka kauce mata, babbar motar ta karyo kwana. Washegari jarida ta rubuta cewa rigarka mai duhu ce. Ƙarfe tara na safe, rana ta fito tar, amma rigarka suka gani, ba su ga allon ba. Tir! Har furanni majalisar ta aiko wurin jana'iza. Na ɗauke su na ajiye a bayan ƙofa, kusa da tsintsiya.

'Yata Noreen ta ce, "Mama, kin gama hawan keke." Na ce, "Ke kika haife ni?" Ranar Juma'a na hau don in ba ta haushi. Ina isowa inda fentin ya ƙare, sai na ja birki. Na sauka, na turo shi har gida, ina jin kunyarka. Na san da kana nan da ka ce mini matsoraciya, in ce maka mai ƙaton kunne, mu wuce tare. Ni kaɗai ba zan iya ba. Na koma kallon bango, sai in Noreen ta sami sarari take kai ni kanti.

Allah ya jiƙanka, Alvin, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da garin nan ya hana ka. Colleen, 'yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki Dale da Roberta, da tsofaffin nan shida da ya ɗora a kan sirdi. Direban babbar motar ma Allah ya sanyaya masa zuciya, na ga yadda ya yi kuka. Masu fenti kuwa, ban kai ga yi musu addu'a ba tukuna.

Amsar kacici-kacicin nan ita ce kekena. Masu keke sun saba kafa farin keke a duk inda aka kashe ɗayansu, naka kuwa, Alvin, ya lanƙwashe, sai na ba da nawa. Sun cire masa birki da ceni, sun fesa masa farin fenti har tayu da kwando, sun ɗaure shi a jikin allon nan na titin Harlan.