Akwatin da Ya Faɗo a Rabona

Da Baba ya rasu, malamin da ya raba mana gado ya shiga falo, ya tsaya gaban kayan kiɗansa yana nuna su da carbi: wannan ɗaya, wannan ɗaya, wancan ma ɗaya. Ban ga laifinsa ba, Allah ya sani. Mutumin da ya saba raba shanu da buhunan dawa, ina zai san cewa duka abu guda ne? Yayana, mai shagon hatsi a Tsafe, ya sami garmaho da faya-fayensa. Ƙanena na Bunguɗu ya sami risiba, wato babban akwatin nan mai rediyo a jiki wanda ke tura sauti, haɗe da lasifika biyu. Ni kuwa mace, rabona rabi, sai aka miƙo mini wani ɗan baƙin akwati da ba ya magana, ba ya waƙa, ba shi da komai sai ramuka a baya da 'yar fitila ja. Na jefa shi cikin adaka tare da tsofaffin zannuwa, na manta da shi.

Baba ma'aikacin masaƙa ne a Gusau. Wurin wani Ba'indiye da zai koma gida ya sayi kayan, tun ina rarrafe. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya cire babbar riga, ya goge faifai da gefen hularsa, ya ɗora allura. Waƙar manoma ce ya fi so, ta wani makaɗi na wajen Mada wanda ya daɗe da mutuwa.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin, gari ya cika da baƙin fuskoki da sababbin ofisoshi, amma gidanmu sai ƙara mutuwa yake. 'Yan'uwana biyu sun ɓata a kan iyakar gonar Furfuri, a kan bishiyar ɗorawa guda ɗaya tal, har ba sa gaisawa. Inna ta gama takaba, amma kamar ba ta fita ba. Ta daina cin abinci sai kunu, kunun ma sai na tsaya a kanta. A asibiti suka ce ba su ga komai ba. Ni dai ina ganin komai, domin zanenta har zagaye biyu yake mata.

Wata ranar Juma'a ina tsefe mata kai, ta ce, “Ɗiyata, gidan ga ya yi shiru da yawa. Da zan ƙara jin faifan Malam ko sau guda, ina ga da na ci tuwo.”

Tun rasuwar ba ta roƙi komai ba sai wannan. Washegari na hau motar Tsafe.

Yaya yana ganina ya fara ƙorafi. Ya ce an cuce shi a rabo, garmahon banza aka ba shi, ya jona shi a rediyon kaset ɗinsa amma sai ka manna kunne kake jin ɗan kuka kamar na sauro. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, “To wancan yaron ya kawo nashi nan mana.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Yaya, da girmanka da gemunka? Uwarka na can tana ƙarewa, kai kana nan kana auna wa zai fara sunkuyawa? Ba ni, aro ne, ba kyauta ba.”

Ya shiga ciki ya ɗauko garmahon haɗe da faifan. A cinya na riƙe shi har Gusau, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi.

Bunguɗu ta fi wuya, domin ana wahalar mai, sai da na hau kabu-kabu. Ƙanena shi ma ya soma nasa, wai me ya sa kullum shi ake rainawa. Na ce, “Kai, rufe mini baki. Ni na goya ka, har fitsari ka yi mini a baya.” Ya yi dariyar da bai shirya ba, ya nemo motar abokinsa ya kawo kayan har ƙofar gida. Amma da ya ji Yaya zai iya zuwa, ko zaure bai wuce ba.

Na jona garmaho kai tsaye a bayan risiba, na murɗa ƙara har ƙarshe. Kukan sauron nan dai na ji. Na zauna a ƙasa na yi kuka na gaske, domin na riga na yi wa Inna alkawari.

Wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda ya san Baba, shi ya warware mini. Ya ce ramin da aka yi don garmaho a jikin risibar ya ƙone tun tuni, shi ya sa Baba ya sayi ƙaramin akwati. Muryar allura siririya ce, sai wannan akwatin ya ɗaga ta kafin babban ya karɓa. Ya ce, “Hajiya, ina ɗan baƙin nan? In babu shi, babu waƙa.”

Ikon Allah! Na koma gida na zazzage adaka.

Na bi yadda ya kwatanta mini. Wayoyin garmaho biyu suka shiga ƙaramin akwati, ja a ja, fara a fara. Wasu biyun suka fita daga shi zuwa bayan risiba, ramin da ake jona kaset. Da na kunna sai wani gurnani ya cika falon, har na tuna da siririyar wayar da ya ce in ɗaure a ɗan notin da ke bayan akwatin. Na ɗaure ta, gurnanin ya ɗauke. Ina shirin ɗora allura aka ɗauke wuta, kuma ba a dawo da ita ba sai bayan kwanaki. Na tsine wa masu wutar nan har sai da Inna ta ce in yi istigfari.

Ranar da wutar ta dawo, da hantsi ne. Na dafa tuwon dawa da miyar kuka na ajiye a gefe. Na riƙo Inna na zaunar da ita a tabarma, na goge faifan, na ɗora allura. Ganga ta fito tas, sai muryar makaɗin, sai 'yan amshi. Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Na juya ina murmushi in ga fuskarta.

Ta karkatar da kai tana saurare, kamar mai jiran sallama a ƙofa. Baiti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Can ta ce, “Ba ita ba ce.”

Na ce, “Inna, ita ce mana. Faifan ne, ga shi.”

Ta girgiza kai. “In an zo wurin amshi, Malam shi ka amsawa. Muryarshi ba daɗi, kullum sai ya riga su shiga. Ina daga madafa ina yi mishi dariya.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Ashe shi nike saurare, ban sani ba. Kashe, ɗiyata. Ki mayar ma kowa da kayanshi.”

Na ɗaga allurar. Na tura mata kwanon tuwon kusa, na buɗe, na ce ko loma ɗaya. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce Allah ya yi mini albarka, na wahala. Sannan ta mayar da murfin ta rufe da hannunta.