Butar Malam Tanimu

Malam Tanimu baduku ne a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, ya yi shekaru yana ɗinkin jakunkunan fata kafin ciwon karkarwa, wanda lokotoro ya kira Fakinson, ya kama masa hannu da ƙafa. A asibiti aka koya masa motsa jiki: ya miƙe da kansa, ya buɗe taku, ya riƙa kaɗa hannuwa. Aka ja wa iyalinsa kunne kada a yi masa abin da zai iya.

To, a Damagaram wa zai bar dattijo ya ɗauki butarsa? Da ya yunƙura sai matan gida su rugo, wannan ta kawo ruwa, waccan ta mai da shi tabarma. Wai ladabi ke nan, ladabin da ke sandarar wa mutum gwiwa.

Zaman ya ishe shi. Ya juya nan, ya juya can, kullum tashi na ƙara yi masa wuya.

Wata azahar ya riga kowa cafke butar.

"Baba, kawo mana," in ji surukarsa Ramlatu. "Me maƙwabta za su ce?"

"Ƴar nan, ranar da na kasa tashi, maƙwabtan ne za su ɗaga ni?"

Ta ja gefe. Ya taka har bakin randa, ya ɗebo. Rabin ruwan ya zube masa a riga, ya koma ya ƙaro, ba wanda ya tare shi.