Furen Auduga da Yamma

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi allo ba, ban yi boko ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma roƙe ta duk inda kuka ya ci ƙarfina ta dakata, kada ta ƙarasa mini magana.

A Funtua na tashi, aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Ƙarfi a shekarun da aka fara kashe naira. A lokacin ni mace ce mai son kyau, amma kyan da na sani shi ne wanda ake sayowa a kasuwa. Duk ribar da na samu a kaɗi, kwanuka nake saye wurin wata Bayarabiya a kasuwar Malumfashi, in jera su a ɗaki tun daga ƙasa har rufi, mata su shigo su riƙe baki. Mijina kuwa, Allah Ya jiƙansa, manomin auduga ne, kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba ni kunya. Sai ya tsaya a bakin gona yana kallon fure yana tasbihi, har masu wucewa su tambaye shi ko ya yar da wani abu ne. Idan ya dawo ya ce in zo in ga ikon Allah, sai in ce masa ni dai ban taɓa ganin an tuƙa tuwo da fure ba. Yakan yi dariya ya kira ni 'yar birni, ni kuma in kira shi mai gadin ciyawa. Ya sha gaya mini cewa shi bai yi nisa a karatu ba, gonar nan ce allonsa.

Bayan shekarun farin nan da suka wahalar da mu, idon Malam mijina ya fara dushewa. Muka je asibiti, aka ce mun makara. Kafin wata damina ya daina bambance rana da inuwa, ƙanensa ya karɓi noman. Mutumin da ba ya rabo da raha ya koma zaman zaure, fuska a bango. Salla yana yi, amma carbinsa na rataye a ƙusa har ya yi ƙura. Wata rana na ji yana cewa Allah Ya wanke masa allo tun bai gama karantawa ba. Maganar ta tsorata ni, don na ga kamar imanin bawan Allah ne ke zubewa a gabana.

Da damina ta yi nisa, sai ya roƙe ni in je in dubo masa gonar, in zo in faɗa masa yadda furen yake. Ranar ina da daka, ina da wanki, sai na ce to, ban je ba. Bayan magariba ya tambaye ni, na ce na je, fure ya yi fari fat, gwanin sha'awa. Ya ce yaushe na je, na ce yanzun nan, rana na shirin faɗuwa. Sai ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya juya. Bai sake tambayata gona ba, abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Shirun nan ya hana ni sakat. Da na gaya wa ƙanensa yadda muka yi, sai ya dafe kai, ya ce haba Yaya, ai da yamma babu farin fure a gonar auduga. Ni da na tsinki auduga, na gurje ta, na kaɗa ta har yatsuna suka yi kanta, ban san haka ba. Washegari da sassafe na yanki zare na tafi, na ɗaura a jikin wani fure da ya buɗe, fari mai ɗan ruwan ƙwai. Da la'asar na koma. Zarena na nan, amma furen ya koma ja-ja, kamar an shafa masa lalle. Na duba gabas da yamma, duk gonar haka take. Ban san lokacin da na durƙusa cikin kunya ina Subhanallahi ba, kuma ranar na fara faɗin kalmar da zuciyata, ba da baki kawai ba.

Na dawo da gudu na faɗa masa gaskiya duka, har da zaren. Ya ce ya sani tun daren, kuma ba ƙaryar ce ta dame shi ba. Abin da ya dame shi, ya ga cewa a gidan nan mutum ɗaya ce ta rage mai gani, ita ma ba ta kallo. Sannan ya tambaye ni wane irin ja ne, mai haske ko mai duhu. Ina kwatantawa yana gyaɗa kai, hawaye na zuba daga idon da ba ya gani, har ya ce to 'yar birni ta shiga makaranta, in miƙo masa carbi. Kullum daga nan nakan je in dawo masa da labarin gona. Damina ɗaya tak muka samu. Kafin a gama tsinkar audugar nan ya rasu.

Kwanukan nan sun yi tsatsa, wasu kaji ke shan ruwa a ciki. Yanzu nawa idon ya fara dushewa, kuma abin da nake gani idan na rufe shi furen nan ne da zare a wuyansa. Shi ke sanyaya mini rai, shi ke sa ni kuka, don na tuna daminun da aka kira ni na ƙi zuwa. 'Yan'uwana mata da maza, idan wani naku ya ce ku zo ku ga wani abin da Allah Ya yi, ku ajiye taɓarya ku je tun yana da idon nuna muku. Wanda ya karanta wannan ya sa Malam a addu'a.