Rami na Huɗu da Burtalin Shanu

Har yau ban manta da ranar da masu duba aiki suka zo mana daga Bauchi ba, a ƙarshen rani, shekarar da ta biyo bayan fitowar sabuwar dokar ma'adinai ta 2007. Ina jami'in lasisi da gyaran ƙasa a wani ƙaramin kamfani da ke haƙar farar ƙasa a wajen Yana. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a Azare, mai kamfanin kuma wani dattijo ne da muke kira Alhaji Babba.

Ga wanda bai san aikin ba, mu ba a fili muke haƙa ba. Rami ake yi kamar rijiya, idan an tarar da farar ƙasa sai a kurɗa gefe a bi ta. Kafin a sabunta maka lasisi, sai ka nuna tsarin yadda za ka mayar da wurin: ka tara ƙasar sama a gefe, ka cike kowane rami da marmara, a daddaɓe, damina ɗaya ta wuce a kansa, sannan ka shimfiɗa ƙasar noma ka miƙa wa mai gona a gaban dagaci. Ni na zana taswirar ramukanmu, ni na sa hannu cewa shida daga cikinsu an gama cike su.

Da safen nan, kafin motarsu ta iso, mai gadinmu Malam Buba ya ja ni gefe. Tsohon mai haƙar rijiya ne, ya yi aiki a ramukan kafin gwiwa ta hana shi sauka. Ya ce ya ga ana auna rami na huɗu jiya, kuma inda aka kafa turken ƙarshe ba nan kurɗar ta tsaya ba. Ta wuce har ƙarƙashin burtalin da shanu ke bi zuwa tafki, kuma ba a cike wannan ɓangaren ba. Ya kai ni wurin, ya doka sandarsa a ƙasa, ya matsa taku goma ya sake dokawa. Ko ni da ban ƙware ba na ji bambancin ƙarar.

Gaskiyar magana, ban taɓa sauka rami na huɗu ba. Abin da shugaban lebura ya gaya mini shi na zana. Idan na yi shiru, ba wanda zai gane a ranar. Idan na faɗa, ana iya dakatar da lasisin, mutanenmu su zauna ba aiki, kuma sa hannuna ne a kan takardar.

Na sami Alhaji Babba a inuwar rumfa na gaya masa komai. Ya dubi burtalin. Ya tambaya ko mata ma suna bi ta nan zuwa ɗiban ruwa, Malam Buba ya ce suna bi. Sai ya ce mini, "Kai ka zana, kai za ka gaya wa masu dubawa. Ni kuma zan tsaya kusa da kai."

Shugabar masu dubawa wata Hajiya ce da aka sani da tsanani. Na yi mata bayani. Ta je ta karɓi sandar Malam Buba ta doka da kanta. Daga nan ta rubuta cewa ba a kammala gyara ba, ta jingine sabunta lasisin zuwa bayan damina, amma ta bar sauran aikin ya ci gaba. Ta umarce ni in sake taswira, wannan karon da igiyar awo a hannuna. Da za ta shiga mota ta ce, "Da ni na gano shi da kaina, da yau na rufe wurin nan."

Washegari Alhaji ya je wurin Arɗo, suka yi magana da Fulatanci, aka karkatar da shanu ta wata hanya. Da muka fasa daga sama, ƙasar da ta rage tsakanin burtali da kogon ba ta kai kamu biyu ba, kogon kuwa saniya za ta shige ciki har da ƙahonta. Ruwan farko kaɗai ya isa ya rufta shi. Mako uku muka yi muna zuba marmara. Na sauka sauran ramukan da ake aiki ɗaya bayan ɗaya, na gyara wurare biyu a taswira.

Bayan kaka Hajiyar ta dawo, ta taka burtalin daga farko har ƙarshe, ta sa hannu. Alhaji bai taɓa tayar mini da zancen ba har muka rabu.

Abin da nake gaya wa masu tasowa a aikin nan shi ne, kada ka sa hannu a kan ramin da ƙafarka ba ta shiga ba, kuma ka tambayi waɗanda suka haƙa shi kafin ka tambayi takarda. Mutum uku suka rufa mini asiri a ranar, ba ta hanyar ɓoye laifina ba. Malam Buba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Duk sanda na bi hanyar Yana na ga garke na ƙetare wurin nan lafiya, sai na yi masa addu'a.