Dabaibayi a Zangon Dawaki

Duk lokacin da na murɗa murhun gas, ya yi wannan ƙarar tak, tak, tak kafin wuta ta kama, sai na tuna wani ƙaramin akwati da ke rataye jikin itace a wani zangon dawaki, cikin tuddan yammacin Lyon. Haka yake bugawa, a hankali, ba ya fasawa.

A tsakiyar shekarun 1990 ne. Muna zaune a Saint-Denis, a gefen birnin Paris, a saman wani dogon bene, Baba yana aiki a wata hukumar ƙasa da ƙasa a Paris. Ni kuma yarinya ce 'yar firamare, Faransancina ya fi Hausata kaifi. A shekarar ne aka kawo Kakana, mahaifin Baba, daga ƙasar Maradi don a yi masa aikin ido. Aiki ya yi kyau, amma tsohon ya ƙi walwala. Yakan wuni bakin taga yana kallon motoci. Ko tsokanar da ya saba yi mini, yana kirana Amarya, yana cewa ba zai biya sadakin wadda ba ta iya dama fura ba, ta ragu.

Kaka mutumin dawaki ne. Ya yi kiwonsu, ya yi fataucinsu tun yana saurayi. Baba ya sha faɗin haka a ofis, har wani abokin aikinsa Bafaranshe, wanda matarsa ke da dawaki biyu, ya gayyace mu hutun bazara. Za su ja dawakin a tirela, a kafa tantuna, a yi 'yan kwanaki a daji. Ba kowane zango ke karɓar mai doki ba, don haka Baturen ya zo gidanmu da kansa ya nemi shawarar Kaka. Ranar na ga tsohon ya gyara zama. Ya ce a tambaya ko akwai ruwa kusa, ko akwai inuwa, ko ƙasar ba ta da tsakuwa mai cin kofato, kuma kada wurin ya zama kwari, saboda ƙuda. Baturen ya yi ta buga waya har ya samu wanda ya cika sharuɗɗan. Ba wanda ya yi zancen yadda ake tsare doki a can. Kowa ya ɗauka ɗayan ya sani.

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ƙanen Inna, wanda ke karatu a Bron, kusa da Lyon, ya aro mota ya kai mu. Wurin yana da kyau. Ciyawa shar, ƙorama tana gudu a ƙasa, iska tana ƙamshin harawa. An saki dawakin a wani fili da aka zagaye da farin zare mai faɗin yatsa biyu, an haɗa zaren da akwatin nan mai bugawa. Kaka ya daɗe yana kallon ɗaya daga cikinsu, wata goɗiya ja mai farin goshi. Ya shafa wuyanta, ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora, ya faɗi shekarunta. Matar Baturen ta yi dariya ta ce ya kusa.

Da la'asar ta yi sanyi, manya suka tafi ƙauyen da ke kusa sayen burodi, aka bar ni da Kaka. Ya tambaye ni ina turke, na ce babu. Ya tambaya me zai hana dabbar nan tafiya idan duhu ya yi. Na ce masa zaren yana da wutar lantarki, haka na ji an faɗa. Ya ce zaren da ko akuya ba zai riƙe ba, kuma mutanen nan sun yi mana karamci, ba zai zauna yana kallo su wayi gari babu doki ba. Ya kwance wata igiya daga jikin tantinmu, ya sunkuya ta ƙarƙashin zaren ya shiga.

Hannunsa bai manta ba. Cikin ɗan lokaci ya haɗa ƙafafunta na gaba da dabaibayi, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ya miƙe yana murmushi, irin wanda ban gani a fuskarsa ba tun zuwansa.

A wurinmu tun doki yana ƙarami ake saba masa da dabaibayi. Wannan goɗiyar ba a taɓa ɗaure mata ƙafa ba. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ji ɗayar ta biyo, sai ta zabura. Ta yi tsalle, ta faɗa kan zaren, wuta ta ja ta, ta sake zabura, ta kife a kan duwatsun bakin ƙorama. Kafin Kaka ya samu ya yanke igiyar, gwiwoyinta biyu sun saluɓe, jini yana bin ƙafafunta. A haka motar ta dawo.

Matar ba ta kai Inna shekaru ba. Ta tsaya gaban Kaka da gajeren wando tana nuna shi da yatsa, tana ta faɗa. Mutanen sauran tantuna suka fito suna kallo. Kaka ya dubi Baba don ya fassara, Baba ya sunkuyar da kai. Sai ya juyo gare ni.

"Amarya, me ta ce?"

Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba. "Ta ce kai mugu ne. Ta ce kada ka ƙara taɓa mata doki."

Kaka ya ce, "Gaya mata na biyun na ji."

Daga nan ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa a gabanta, kan ciyawa, yana ba ta haƙuri da Hausa. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla. Matar ba ta san me durƙuson yake nufi ba. Ta kewaye shi ta tafi kiran likitan dabbobi, ta bar shi a nan. Baba ne ya kama hannunsa ya tashe shi, ba su dubi juna ba. Ni kuwa kunya ta hana ni sanin inda zan sa idona, kuma har yau ban iya rabe wa nake jin kunyar ba, shi ko ita ko mu da muka tsaya.

Washegari muka naɗe tanti. Mun kwana a ɗakin kawuna a Bron, muka koma Paris. Goɗiyar ta warke, da tabo. Baturen bai fasa gaisawa da Baba a ofis ba, amma ba a sake gayyatar mu ba. Kaka bai yi zancen doki ba har ya koma gida.

Ya daɗe da rasuwa yanzu. A gidansa inda dawaki ke tsayawa, babura ne ke kwana, kuma cikin jikokinsa maza ba na jin akwai wanda ya iya ɗaura sirdi. Labarin dai yana nan. Da na je gida bara, na ji wani ɗan baffana yana ba yara shi a zaure: wai Kaka ya je ƙasar Faransa, ya tarar da dokin da ya gagari Turawa, ya yi masa dabaibayi da igiyar tanti, suka taru suna mamaki. Ban san wa ya juya shi haka ba, ko Baba ne, ko bakin mutane. Aikina shi ne tantance labari kafin a karanta shi a rediyo, kuma ni kaɗai ce na rage cikin waɗanda suka ga abin. Da ya gama, ya juyo ya ce, "Ai Yaya tana wurin, ku tambaye ta."

Yaran suka zuba mini ido. Na ce musu lallai da igiyar tanti ya yi.